Lambar Bugu a Matsayin Alkawari: Nazarin Tsarin Fitarwa a Aikin Kwamfailar GCC

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake tafiyar da fitar da sabon bugu ga jama'a a aikin GCC, wato kwamfailar da ake gina mafi yawan manhajojin tsarin Linux da ita. An bi diddigin tarihin aikin daga 1987 zuwa 2025, aka tsaya a kan rikici guda biyu: rabuwar 1997 wadda jinkirin fitarwa ya haddasa, da taƙaddamar bugun 2.96 ta shekarar 2000 wadda gaggawa ta haifar. Daga nan aka fayyace tsarin da ake bi a yau ta fuskar matakan aiki da ma'aunin inganci da sanya lamba. Maƙalar ta gano cewa a aikin da lasisinsa ya ba kowa damar kwafa da gyarawa da rarrabawa, abin da ya rage a hannun masu kula da shi shi ne lambar bugu da alkawarin da ke tattare da ita, kuma domin kare wannan alkawari aka shimfiɗa ƙa'idojin fitarwa.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin rubutattun ayyuka sun san bambancin da ke tsakanin daftari da bugu. Daftari yana iya yawo a hannun mutane ana ƙari ana ragi, amma da zarar an ce "bugu na biyu", to an tsayar da matani guda wanda za a kafa hujja da shi, a ambaci shafi, wani manazarci a wata jami'a ya buɗe ya tarar da abin da aka faɗa. Masu gina manhajar kwamfuta suna fama da irin wannan buƙata, sai dai nasu matanin yana sauyawa kowace rana, kuma hannuwa ɗaruruwa ne ke taɓa shi daga ƙasashe daban-daban.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane ne ke da ikon cewa aiki ya kai a fitar da shi, da wane ma'auni, kuma me wannan furuci ya ɗora wa masu aikin? An zaɓi GCC ne saboda daɗewarsa, da kuma kasancewar ya ɗanɗana illar jinkiri da illar gaggawa, har ya fitar da ƙa'idoji daga kowacce.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kwamfaila manhaja ce da ke karɓar umarnin da ɗan Adam ya rubuta cikin wani harshen kwamfuta, kamar C ko C++ ko Fortran, ta juya shi zuwa harshen da na'ura ke aiwatarwa. Abin da ɗan Adam ya rubuta shi ake kira rubutun tushe a wannan maƙala, abin da kwamfaila ta fitar kuwa shi ne sarrafaffen shiri. Buɗaɗɗen tushe na nufin an bayyana rubutun tushen ga kowa, tare da lasisin da ya halatta karantawa da gyarawa da rarrabawa. Kututture shi ne babban kundin da ake zuba sababbin ayyuka kullum, reshe kuma kwafi ne da ake cirewa daga kututture a keɓe shi domin a daidaita shi ya zama bugu. Faci shi ne gyaran da wani ya miƙa domin a shigar da shi cikin kundin. Koma-baya kuwa matsala ce ta musamman: abin da ya yi aiki daidai a tsohon bugu amma ya lalace a sabo.

Matsayin kwamfaila ya bambanta da na sauran manhajoji. Idan manhajar rubutu ta yi kuskure, mai amfani da ita yakan gani nan take. Kwamfaila kuwa tana iya karɓar rubutun tushe mai kyau ta fitar da gurɓataccen shiri ba tare da wani gargaɗi ba, kuskuren ya ɓoye a cikin manhajar banki ko ta asibiti, a yi ta laluben laifin a inda ba ya nan. Wannan ne ya sa fitar da bugun kwamfaila yake buƙatar taka-tsantsan fiye da saura.

3.0 Illar Jinkiri: Rabuwar 1997

Richard Stallman ne ya fitar da bugun farko na GCC a watan Maris na 1987, a ƙarƙashin shirin GNU, kuma a lokacin harshen C kaɗai take fassarawa. A shekarun da suka biyo baya, ikon shigar da faci da yanke shawarar fitarwa ya kasance a hannun mutane ƙalilan da Gidauniyar Manhaja Mai 'Yanci ta naɗa. Manufarsu ita ce kiyaye inganci, amma sakamakon shi ne tafiyar hawainiya. Jerin bugun 2.7 ya fito a 1995, sai da aka shiga 1998 kafin 2.8 ya bayyana. A tsakanin nan gyare-gyare suka taru a hannun mutane daban-daban: masu inganta C++ suna da nasu, masu aikin Fortran suna da nasu, masu son ta dace da na'urar Pentium ma haka.

A watan Agusta na 1997 wasu masu aikin, da yawansu ma'aikatan kamfanin Cygnus, suka ɓalle suka kafa EGCS. Lasisin ya ba su wannan dama, domin bai hana kowa ɗaukar rubutun tushen ya ci gaba da shi ba. Suka buɗe ƙofar karɓar faci, suka riƙa fitar da kwafin gwaji a kai a kai, suka kafa kwamitin jagoranci domin kada wani mutum ko kamfani guda ya mallake aikin. Bugunsu na farko ya fito a watan Disamba na wannan shekara. Kafin a daɗe, masu amfani da dama sun koma gare su. A watan Afrilu na 1999 Gidauniyar ta miƙa wa kwamitin EGCS ragamar GCC baki ɗaya, aka faɗaɗa ma'anar sunan ya koma nufin tarin kwamfailoli na harsuna da yawa, sannan a watan Yuli aka fitar da bugun 2.95 a matsayin ɗan farin haɗewar.

Abin lura a nan shi ne, a buɗaɗɗen tushe ba a iya riƙe aiki ta hanyar ƙin fitar da shi. Wanda ya jinkirta fiye da kima, mutane za su kewaye shi ne su wuce.

4.0 Illar Gaggawa: Taƙaddamar 2.96

Bayan fitowar 2.95, masu aikin suka sa wa kututture lambar 2.96 a matsayin alamar wucin gadi, suna shirin babban bugu na 3.0. A watan Satumba na 2000 kamfanin Red Hat, wanda ya riga ya sayi Cygnus, ya fitar da Red Hat Linux 7.0. Maimakon ya yi amfani da 2.95, sai ya ɗauki kwafin kututture, ya ƙara nasa faci, ya rarraba shi da lambar 2.96. Kamfanin yana da hujjojinsa: sabon kwafin ya fi bin ƙa'idar C++, kuma yana iya sarrafa shiri domin na'urar Itanium, abin da 2.95 ba ya yi. Ta fuskar lasisi ma bai keta komai ba.

Matsalar ta ɓullo ne ta wata fuska. Sarrafaffun shirye-shirye suna haɗuwa da juna bisa wata yarjejeniya ta ɓoye, wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a ma'adanar na'ura da yadda ake rubuta sunayen ayyuka. A lokacin ana tsakiyar sauya wannan yarjejeniya ta C++. Saboda haka shirin C++ da aka sarrafa da 2.96 bai dace da na 2.95 ba, kuma ba zai dace da na 3.0 mai zuwa ba. Har ila yau kamfanin ya haɗa da wata tsohuwar kwamfaila daban domin sarrafa zuciyar Linux. Masu amfani kuwa, da suka ga suna da lamba irin na GCC, sai suka riƙa kai ƙorafinsu wurin masu aikin GCC a kan bugun da ba su fitar ba.

A watan Oktoba na 2000 Kwamitin Jagoranci ya fitar da sanarwa cewa 2.96 ba bugun hukuma ba ne, kuma ba za a taɓa fitar da bugu mai wannan lamba ba. Aka ɗaga lambar kututture zuwa 2.97 domin a raba gari da ita, sannan 3.0 ya fito a watan Yuni na 2001. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne irin makamin da Kwamitin ya yi amfani da shi. Ba shi da ikon hana rarraba rubutun, iyakar abin da ya iya shi ne ya janye sunansa daga lambar. Wannan ya nuna cewa lambar ce ainihin abin da ya mallaka.

5.0 Tsarin Fitarwa a Yau

5.1 Matakan shekara

A yanzu GCC tana fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Misali, 13.1 ya fito a Afrilun 2023, 14.1 a Mayun 2024, 15.1 kuma a Afrilun 2025. Ana raba shekarar zuwa matakai. A mataki na ɗaya, wanda ke farawa da zarar an cire reshen bugun da ya gabata, ana karɓar manyan sauye-sauye da sababbin fasahohi. Wajen tsakiyar Nuwamba ake shiga mataki na uku, inda ake mayar da hankali ga gyaran kurakurai. A watan Janairu ake shiga mataki na huɗu, wanda ba a karɓar komai a cikinsa sai gyaran koma-baya da gyaran bayanan jagora. Mataki na biyu ya wanzu a da, daga baya aka yi watsi da shi, amma aka bar sauran da lambobinsu.

Hikimar tsarin ita ce ƙofa tana ƙara ƙuntata yayin da ranar fitarwa ke matsowa. Wanda ya makara da babban aiki ya san cewa bayan watanni kaɗan ƙofar za ta sake buɗewa, don haka ba shi da dalilin cusa ɗanyen aiki a ƙurarren lokaci, ba shi kuma da dalilin ɓallewa kamar yadda aka yi a 1997.

5.2 Ma'aunin inganci

Kwamitin Jagoranci ne ke naɗa manajojin fitarwa. Mark Mitchell ya riƙe wannan aiki tun zamanin 3.0, daga baya Richard Biener da Jakub Jelinek da Joseph Myers suka ɗauke shi. Babban aikinsu shi ne tantance rahotannin koma-baya da ba kowanne daraja daga P1 zuwa P5. Darajar P1 ita ce ta matsalar da ba za a fitar da bugu tana nan ba. P2 matsala ce mai muhimmanci wadda ba ta kai ta tsayar da fitarwa ba, P4 da P5 kuwa galibi na harsuna ne da na'urorin da ba sa cikin sahun farko. Manajojin suna fitar da rahoton halin da ake ciki lokaci zuwa lokaci, ɗauke da adadin matsalolin kowane rukuni. Idan P1 ta sauko sifiri, sai a cire reshe, a fitar da bugun gwaji, a ba jama'a kimanin mako guda su jarraba, sannan a fitar da bugun hukuma ɗauke da sa hannun sirri da ke tabbatar da asalinsa.

Abubuwa biyu ne suka cancanci lura. Na farko, ma'aunin bai ce bugun ba shi da kuskure ba. Kowane bugu yana fita da sanannun matsaloli masu yawa. Alkawarin ya taƙaita ne ga cewa abin da ya yi aiki jiya, a manyan harsuna da manyan na'urori, ba a san wata mummunar lalacewarsa ba a yau. Na biyu, ba da daraja hukunci ne na ɗan Adam. Manaja yana iya sauke matsala daga P1 zuwa P2 idan ya ga gyaranta a ƙurarren lokaci ya fi barinta haɗari. Saboda haka sifirin da ake jira ya dogara ne ga amanar manajojin, kuma abin da ke tsare wannan amana shi ne a bainar jama'a ake yin hukuncin, kowa yana iya ganinsa ya ƙalubalance shi.

Akwai kuma wani gwaji da ya keɓanta ga kwamfaila, wato ta gina kanta. Ana sarrafa sabuwar GCC da wata kwamfailar da ke kan na'ura, sannan a yi amfani da abin da ya fito a sake sarrafa ta, a kuma maimaita karo na uku. Dole sakamakon karo na biyu da na uku su zo daidai. Idan suka saɓa, akwai kuskure a wani wuri.

5.3 Sanya lamba

Tun daga 2015 aka sauya tsarin lamba. Bugun da ya biyo bayan 4.9 ya fito ne a matsayin 5.1, kuma daga nan lambar farko take ƙaruwa kowace shekara. Duk lambar da ke da sifiri a gurbi na biyu, kamar 15.0, ta aikin da ke kan kututture ce wanda bai kammala ba, bugun hukuma kuwa daga .1 yake farawa. Da wannan, lambar da kanta tana shaida wa mai karatu ko daftari ne a hannunsa ko bugu, wanda shi ne bambancin da ya ɓace a shekarar 2000. Bayan fitowar .1 ana ci gaba da kula da reshen da ƙananan bugu na gyara har kimanin shekara uku. Misali, 10.1 ya fito a Mayun 2020, aka rufe reshen da 10.5 a Yulin 2023.

6.0 Sauyin da ke Karya Tsohon Aiki

Wani lokaci ci gaba ba ya yiwuwa sai an taɓa abin da mutane suka saba da shi, kuma a nan ne alkawarin ke fuskantar jarrabawa mafi tsanani. Ƙa'idar C++ ta 2011 ta tilasta sauya yadda ake ajiye jerin haruffa a ma'adana, abin da zai iya maimaita rikicin 2.96. A bugun 5.1 masu aikin suka zaɓi hanya mai wahala: suka ajiye tsohon tsari da sabo tare a cikin ma'ajiyar umarni guda, ta yadda tsofaffin sarrafaffun shirye-shirye suka ci gaba da aiki.

Misali na biyu ya fi nuna tsawon haƙurin da ake yi. Ƙa'idar C ta 1999 ta soke damar kiran wani aiki ba tare da an gabatar da shi tun farko ba, amma GCC ta ci gaba da karɓar irin wannan rubutu da gargaɗi kawai har shekara ashirin da biyar, sai a bugu na 14 ya zama kuskuren da ke tsayar da aiki. Dalilin jinkirin shi ne manhajoji da dama suna gudanar da ƙananan gwaje-gwaje kafin a sarrafa su, domin gano abin da na'ura ke iyawa, kuma da tsohon salo aka rubuta yawancin gwaje-gwajen. Idan kwamfaila ta ƙi su, manhajar takan ɗauka cewa na'urar ce ba ta da wannan fasaha, ta kashe wani sashe nata shiru ba tare da kowa ya sani ba. Sai da masu rarraba Linux irin su Fedora da Gentoo suka bi manhajoji masu yawa suna gyarawa kafin a zartar da sauyin. Fedora takan kuma sake sarrafa tarin manhajojinta da sabuwar GCC tun tana mataki na huɗu, abin da ke tono koma-baya kafin bugu ya fita. Kowane babban bugu yana kuma zuwa da takardar jagora da ke lissafa abin da zai daina aiki da yadda za a gyara shi.

7.0 Kwatanci da Wasu Ayyuka

Aikin LLVM, wanda ya faro a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarar 2000 a hannun Chris Lattner da Vikram Adve, yana fitar da babban bugu duk wata shida, wajen Maris da Satumba. Ba ya rufe kututture na tsawon watanni kamar GCC. Yana cire reshe da wuri, a daidaita shi ta jerin bugun gwaji, aiki kuma yana ci gaba a kututture. Ribar wannan ita ce masu ƙirƙira ba sa jira, hasararsa kuma hankalin ma'aikata yakan rabu biyu. Kwamfailar harshen Rust ta fi sauri, domin tun daga Mayun 2015 take fitar da bugu duk mako shida, kuma tana da na'urar da ke jarraba sabon sauyi a kan ɗimbin manhajojin jama'a kafin a amince da shi. Duk da bambancin tazara, manufar ɗaya ce: sananniyar rana da sanannen ma'auni. Abin sha'awa shi ne daga bugu na 18, a Maris na 2024, LLVM ma ya koma fara bugun hukuma daga .1, domin a bambanta shi da aikin kututture.

8.0 Kammalawa

Tarihin GCC ya nuna cewa tsarin fitarwarsa amsa ce ga kurakurai biyu masu karo da juna. Jadawalin shekara-shekara ya magance jinkirin da ya raba aikin a 1997. Matakai masu ƙuntata ƙofa da ma'aunin P1 da keɓe lambar daftari sun magance ruɗanin 2000. A duka biyun, kadarar da ake karewa ita ce yardar mai amfani cewa lambar da ya gani tana nufin matani guda, wanda wasu sanannun mutane suka tsaya a bayansa.

Batun ya shafi masu nazarin Hausa ta hanya biyu. Ta farko, tun daga bugu na 10 GCC take karɓar haruffan da ba na Ingilishi ba kai tsaye a cikin sunayen da mai rubuta C ko C++ ke ƙirƙira, ciki har da ɓ da ɗ da ƙ. Saboda haka malamin da ke son koyar da shirya manhaja da sunaye na Hausa dole ya san bugun da ke kan na'urorin ɗalibansa. Ta biyu, rumbunan matani da ƙamusoshin Hausa na kwamfuta su ma kundaye ne masu sauyawa kullum a hannun mutane da yawa. Manazarcin da ya ƙirga kalmomi a irin wannan rumbu bai bar wa na bayansa hanyar tantance sakamakonsa ba, matuƙar rumbun ba shi da tsayayyen bugu mai lamba. Masu gina irin waɗannan rumbuna za su amfana idan suka ware kwafin aiki daga bugun da za a kafa hujja da shi, suka bayyana ma'aunin da bugu zai cika kafin ya fita, suka kuma naɗa wanda zai ɗauki alhakin cewa ya cika shi.